Daffayar da ta fi ƙarfin motarmu

Mu 'yan Jidda ba mu san sanyi ba. Abin da muke kira sanyi shi ne a kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe taga, a ɗan ja mayafi a rufe ƙafa. A unguwar Madain Fahd aka haife ni, a can na girma, kuma har na yi aure ban taɓa sa safa don sanyi ba, sai dai don kada a ga ƙafata a kasuwa. Irinmu ne muka tashi wata rana za mu zaɓi abin da zai ɗumama mota a ƙasar da ruwa ke daskarewa a bokiti. Shekaru sun ja, amma in na tuna raina sabon ɓaci yake yi.

Mijina ba haihuwar nan ba ne. Aikin Umara ya zo yi daga Najeriya ya yi zamansa, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da kafilin da zai tsaya masa a hukuma, sai ƙarfin kafaɗa. Yana dako a sitocin da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Limamin unguwa ne ya ɗaura mana aure a falon gidanmu, ba takarda ba hatimi, muka tare a ɗakin saman bene, can Allah ya ba mu 'ya mace. Gidan a hannun yayana yake tun rasuwar mahaifinmu, har iƙamata ma a ƙarƙashinsa take. Gyaran mukayyif da firji yake yi, kuma ya iya, ban taɓa hana shi wannan ba. Yana da kyauta, sai dai in ya ba ka abu, to ka shirya jin labarin kyautar a bakinsa har unguwa ta haddace.

A shekarar da nake magana aikin Hajji ya faɗo a farkon lokacin sanyi. Da alhazai suka watse sai aka fara kame mai tsanani a unguwannin kudu. Aka kwashe abokan aikin mijina a bakin sito suna cin abinci, shi ya tsira ne kawai don ya zagaya yin alwala. Daga ranar bai sake fita ba. Ya wuni a saman bene yana wasa da yarinya, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya yi tsit yana saurare. Ni kuwa abu ɗaya ne a gabana, kada a ɗauke mini shi. Na san in aka sa shi a jirgi to shi ke nan, don an fara ɗaukar zanen yatsa a lokacin, wanda aka mayar gida ba ya dawowa.

Yayana ne ya kawo mafita. Akwai wani mai gona a wajen Tabuk, can arewa, da ya taɓa haɗa wa ɗakin sanyi na ajiye dankali. Mutumin yana neman mai kula da tumaki da ban ruwa, kuma ba ya tambayar takarda, gonar ma nesa take da idon kowa. Matsalar ɗaya ce, ɗakin ma'aikata na maza ne zalla, babu wurin iyali. Na ce ko a gindin bishiya ne zan bi mijina. Yayana ya buga cinya ya ce, "Khalas, shi ke nan, gida zan yi muku mai taya huɗu."

Ya kuwa yi. Ya samo wata tsohuwar ƙaramar bas da ta gaji da kai 'yan mata makaranta, ya cire kujerun baya, kafinta ya yi gado mai faɗi da wurin ajiya a ƙarƙashi. Sannan ya bi jikin motar ciki, da rufinta da ƙasanta, ya liƙe da soso mai kauri irin wanda yake sa wa ɗakin sanyi, ya rufe da katako. Ni na ɗinka labule, mahaifiyarmu ta ba da dardumarta ta ɗaki. Abin ya yi kyau, har maƙwabta suna leƙowa. Saura abu ɗaya, mai gonar ya yi gargaɗi ta waya cewa kada mu kuskura mu zo da yarinya ba tare da daffaya ba. Daffaya ita ce abin ɗumama wuri. Ta lantarki ba za ta yi ba, don babu wuta a inda za mu ajiye motar, ta gas kuwa ya ce tana kashe mutane a barci. Ya ce a nemi irin ta manyan motoci, mai shan dizal, wadda ke fitar da hayaƙinta waje ta huro iska mai zafi ciki.

Muka tafi unguwar Kurayyat da la'asar, wurin wani dattijo mutumin Sham da ke sayar da kayan da aka ciro daga manyan motocin da ke zuwa daga ƙasashen sanyi. Mijina ya yi ƙarfin hali ya biyo mu, ya zauna a baya. Ni ban fita ba, ina kujerar gaba da yarinya a cinya, gilashi a sauke, saboda haka duk abin da aka faɗa a kunnena aka faɗe shi.

Dattijon bai fara da nuna kaya ba. Ya buɗe ƙofar motar, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya tambayi wa ya sa sosan. Yayana ya ce shi ne. Dattijon ya yaba aikin, ya shiga shago ya fito da wata ƙaramar daffaya da ba ta fi a rungume ta da hannu ɗaya ba. Ya ce ga wadda ta dace, mai ƙarfin kilowat biyu.

Yayana ya dube ta, ya dubi wata babba da ke kan kanta. "Waccan fa?"

"Waccan kilo biyar ce, ta babbar mota ce mai ɗaki," in ji dattijon da Larabci. "Ta fi ƙarfin wannan."

"Ya shekh, Tabuk za su, ba Ɗa'if ba. Da yarinya."

Dattijon ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce wannan na'ura ba ta son zaman hutu. Ƙarama za ta yi ta ci da ƙarfinta, wutarta ta ƙone man tas, ɗumin ya tsaya daidai. Babba kuwa a ɗan wannan wuri da aka toshe ko'ina, nan da nan za ta cika shi da zafi, sai ta koma ci a hankali, man ba ya ƙonewa sosai, baƙi ya riƙa taruwa a cikinta har ya shaƙe ta. Ko kuma ku gaji da zafi ku kashe, sanyi ya dawo ku sake kunnawa, kuma duk kunnawa sai ta zuƙi batir sosai kafin ta kama.

Ni na ji maganar ta shige ni. Amma na ga wuyan yayana ya kumbura, na san ba bayanin yake ji ba. Wani abu daban yake ji, wanda duk baƙin mutum da ya girma a Jidda ya sani. Ka shiga shagon yadi, kafin ka buɗe baki an sauko maka da mai araha. Ka shiga wurin masu zinariya, a nuna maka siririn zobe a ce wannan zai yi maka. Tun muna yara muke haɗiye wannan, har muka saba cewa duk wanda ya miƙo mana ƙaramin abu to raini ne, kuma maganinsa ka nuna babban ka ce a naɗe maka. Ga kuma sana'arsa, inda kullum kukan mutane shi ne mukayyif ya yi wa ɗaki kaɗan. Bai taɓa jin wanda ya dawo yana ƙorafin sanyi ya yi yawa ba.

"Kana ganin ba za mu iya sayen babbar ba ne?" ya ce wa dattijon.

Na leƙo na ce da Hausa, "Yaya, ko dai a saurari mutumin nan?"

"Ke uskuti, rufe mana baki. Me kika sani a inji?"

Na juya na dubi mijina. Yana tsaye a gefen mota, hannu a baya, idonsa a kan takalminsa. Ina jira ya ce ko da kalma ɗaya ce, tunda shi da 'yarsa ne za su kwana a ciki. Bai ce ba. Dattijon ya ɗaga kafaɗa, ya sauko da babbar.

Da muka koma saman bene na tasa mijina gaba da faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi ma ya ga gaskiyar tsohon, don mai kaya ba ya hana ka sayen mai tsada haka kawai. Na ce to me ya rufe maka baki? Ya ce, "A gidansa nake kwana, motar tasa ce, gonar shi ya samo. Ta ina zan fara ce wa Yaya a'a a gaban baƙo?" Sai na huce a kan kwanukan da nake wankewa.

Yayana ya haɗa ta da kansa a ƙarƙashin gado, ya fasa ƙasan motar ya fitar da bututun hayaƙi, ya ɗaura mata ɗan tankinta na dizal, ya ja waya zuwa batirin motar. Ranar gwaji kuwa biki aka yi. Da rana tsaka, a ƙofar gidanmu, mutane na zufa tun kafin a kunna. Ta yi ƙas-ƙas-ƙas, ta yi gurnani, sai ga iska mai zafi kamar an buɗe tanderun gurasa. Yaran unguwa suna shiga suna fitowa da gudu suna dariya, maza na cewa masha Allah. Aka turo mahaifiyarmu a kekenta, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ta miƙa hannu ta ji, ta ce lalle jikarta ba za ta ji sanyi ba. Yayana yana tsaye yana karɓar yabo, yana ba kowa labarin tsohon da ya so ya liƙa masa 'yar mitsitsiya.

Yayan nawa ne ya tuƙa mu zuwa arewa. Ni a gaba da yarinya, don motar da aka ga mace a gabanta ba a cika tsananta mata bincike ba. Duk sanda muka doshi shingen bincike sai mijina ya shige ƙarƙashin gado, tsakanin buhun shinkafa da tukwane, ya lanƙwashe kusa da daffayar. Allah ya rufa asiri muka isa lafiya. Yayana ya kwana ɗaya, ya damƙa wa mijina makullin motar, ya hau motar haya ya koma Jidda.

Gonar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba bishiyar kirki, iska na zuwa daga inda ta ga dama. Muka ajiye motar a bayan garken tumaki. Ranar farko da na fito alwalar asuba na taɓa ruwan buta, sai da na yi ƙara. Ban san ruwa yana cizo ba. Amma duk da haka makonnin farko na ji daɗinsu fiye da yadda zan iya faɗa. Mijina ya daina zabura in ya ji ƙarar mota. Yana dawowa da warin tumaki, ya ɗauki 'yarsa ya kai ta ta ga 'yan raguna, ni ina dafa abinci a waje a bayan motar inda iska ba ta kaɗawa sosai. Wannan ne karo na farko da muka zauna mu kaɗai, ba wanda ke jin motsinmu daga ƙasan bene.

Daffayar ce kawai ta hana mu sakewa. In an kunna ta da magariba, kafin in gama shimfiɗa motar ta zama gidan wanka. Mu tuɓe rigunan sanyi, yarinya ta jiƙe da gumi, gashinta ya manne a goshi. A mayar da ita ƙasa-ƙasa, duk da haka zafin ya fi ƙarfin wurin, don sosan yayana ba ya barin ko kaɗan ya fita. Sai mu kashe. Can sanyi ya ratso ta gilashi da ƙofa ya sami yarinya a jiƙe, sai a sake kunnawa. Mun gwada barinta a kunne mu buɗe taga, sai ya zama kai yana daskarewa ƙafa tana gasuwa. Haka muka yi ta yi, kunna, kashe, buɗe, rufe. Ban taɓa tashi da safe na ji na yi barci ba.

Batir kuwa ya fara nuna gajiya. Wani ma'aikacin gonar ya ce sai an riƙa tada motar kullum ana ɗan zagayawa da ita. Mijina bai iya tuƙi ba, ɗan dako ne, a nan ya koya, yana zagaya gonar dankali a giya ɗaya, motar na tsalle, 'yarsa na tafa masa ta taga. Na buga wa yayana waya na gaya masa halin da ake ciki. Ya yi dariya ya ce, "Mutane na kukan sanyi ku kuna kukan zafi? Ku gode wa Allah, ya bint. Da 'yar ƙaramar nan ce da yanzu kun ƙanƙare." Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Sai ainihin sanyin ya iso, wanda mutanen wurin ke jira da fargaba kowace shekara. Bokitin da na bari a waje ya zama dutse, tiyon ban ruwa ya ƙi lanƙwasuwa. A daidai lokacin daffayar ta fara tari. In an kunna sai ta yi ta ƙas-ƙas, ta tura farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal ta ƙarƙashin mota, ta mutu. A sake, ta sake. Wata rana ta kama bayan an sha wuya, washegari ta ƙi sam. Mijina ya zura tsinke a bututun hayaƙin, ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya mai danƙo. Ya nuna mini, duk muka tuna wanda ya faɗa mana haka za a yi.

Ma'aikatan gonar suka tara mana barguna. Muka riƙa kwana da yarinyar a tsakiyarmu, da duk tufafin da muka mallaka a jiki, numfashinmu na daskarewa a jikin gilashi. Dama tana fama da mura tun lokacin gumi da sanyi, yanzu sai ta sauka a ƙirji. Wata safiya na ji numfashinta yana fita da ƙara kamar usur, haƙarƙarinta na shiga ciki, ta ƙi nono ta ƙi ruwa. Mai gonar ya yi tafiya, motar gonar kuma ta kai dankali kasuwa tun asuba, ba a san lokacin dawowarta ba. Akwai ƙaramin asibiti a wani gari da ke kan babbar hanya. Mijina bai taɓa taka wajen ƙofar gonar ba tun zuwanmu.

Na ce masa mu jira motar gona. Ya dubi yarinyar ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Motar ta ƙi tashi, don gwajin daffaya ya tsotse batirin. Ma'aikata suka tura ta har ta kama. Suka ce masa ko me za a yi kada ya bari ta mutu a hanya. Muka fita, yana riƙe da sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace masa, ni ina karanta duk addu'ar da na sani. Mun hau kwalta, mun yi nisa har mun fara hango hasumiyar masallacin garin, sai ga raƙuma suna tsallaka hanya. Ya taka birki, ya manta da kuloci. Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ya murɗa makulli, ta ce ƙyat. Ya sake, ko ƙyat ɗin ma babu.

Na kwantar da yarinyar a gado na fita na tura. Ni kaɗai, da abaya, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska na neman kayar da ni. Ko motsi ba ta yi ba. Muka canza, shi ya koma turi, ni na zauna a sitiyarin da ban taɓa riƙewa ba, yana ƙwala mini abin da zan taka, na taka ba daidai ba. Muna cikin haka na ga ya tsaya cak yana duban bayanmu. Motar 'yan sintiri ce ke tahowa a hankali. Babu inda mutum zai ɓuya a wurin nan, ko akuya ce a tsaye za a hango ta daga nesa. Kuma ko da akwai, ba zai bar mu ba.

Su biyu ne, babba da saurayi. Suka yi sallama, suka tambayi lafiya. Da saurayin ya ji numfashin yarinyar sai ya tuɓe farwarsa, irin rigar sanyin nan mai gashin tunkiya a ciki, ya miƙo mini ya ce in naɗe ta. Suka juyo da motarsu, suka buɗe bonet, suka haɗa waya da batirinmu. Motar ta tashi. Na ji wani daɗi ya taso mini, na ce a raina mun tsira. Mijina ya yi ta godiya da ɗan Larabcinsa na bakin sito. Babban yana naɗe waya, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Lasisi da iƙama."

Mijina ya laluba aljihu, ban san me yake nema ba. Ni na miƙa tawa da sauri, na fara zuba da Larabcina na 'yar Jidda, na ce yarinya ba lafiya, na ce ya manta tasa a gona, na ce mai gonar sananne ne. Babban ya saurare ni har na ƙare. Sannan ya dubi mijina ya tambaye shi kai tsaye ko yana da ita. Mijina ya ce babu.

Ba su yi mana tsawa ba, ba su sa masa ankwa ba. Babban ya ce a fara kai yarinya asibiti. Saurayin ya shiga ya tuƙa motarmu, mijina ya shiga bayan tasu, suna gaba muna binsu, ina kallon ƙeyarsa ta gilashin baya har muka isa. A asibiti aka sa wa yarinyar abin shaƙa a hanci, suka bar shi ya tsaya a kanta har numfashinta ya fara daidaita. Ya shafa kanta, ya ciro 'yar wayarsa, ya haɗa da makullin motar da saurayin ya mayar masa, ya ba ni. Ya ce in gaishe da Inna, wato mahaifiyarmu, in ce wa Yaya ya yi haƙuri da wahalar da za a sake ba shi. Wallahi haka ya ce. Da ma mutanen nan sun zage mu ko sun ture ni, da na sami inda zan sauke abin da ke cina. Saurayin ko farwarsa bai karɓa ba.

Yayana ya iso washegari, idonsa ja, bai yi barci ba. Ya yi ta zirga-zirga, ya nemo mai gonar, ya roƙi duk wanda ya sani, ba abin da ya yiwu. Da aka sallami yarinyar muka kama hanyar Jidda a motar nan, ni a baya wannan karon, don ba zan iya zama kusa da shi ba. Sai da muka yi nisa ya ce ƙaddara ce. Can kuma ya ce tsohon nan ne macuci, ruɓaɓɓiya ya sayar mana. Na ce, "Yaya, ya ce maka ta yi girma." Ya ce, "Wallah da ƙaramar ce da tun makon farko ta mutu." Har yau a kan haka yake, kuma na daina tayar da maganar, don a gidansa nake ci nake sha. Muna wuce Yanbu gari ya yi ɗumi, ya miƙa hannu ya kunna mukayyif.

An kawo mijina gidan tarhil na Jidda, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Na kai masa kaya da abinci, aka karɓa a ƙofa, ban gan shi ba. Aka ɗauki yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Daga Kano ya kira ni ya ce in kwantar da hankalina, zai dawo. Ya yi ƙoƙari, ya sayar da gonar gadonsa ya sake biyan Umara, aka sa yatsansa a na'ura a filin jirgin Jidda aka juya shi a jirgin da ya kawo shi. Yana cikin garin da nake, ban sani ba sai da ya koma.

Ya ce to ni in zo. Na so, Allah ya sani na so. Amma ban taɓa ganin Najeriya ba, shi kuma ba aiki ba muhalli, a shagon ƙaninsa yake kwana. Mahaifiyata ba ta iya juyawa a gado sai na juya ta. Yarinyar ba ta da wata takarda sai ta asibitin haihuwa, in na fita da ita ba za ta sake shigowa ba. Na ce ya ba ni lokaci. Lokacin ya yi ta tafiya, wayar da muke yi kullum ta koma ta Juma'a, ta koma ta salla zuwa salla, don in mun gaisa ba mu da sauran abin faɗa sai abin da ke sa mu kuka.

Yarinyar ta shiga shekara ta biyar ranar da ya kira da hantsi ya ce in kira masa Yaya, in sa wayar yadda kowa zai ji. Na san abin da ke tafe. Ya yi sallama, ya tambayi jikin Inna, ya ce ba ya so ya ci gaba da riƙe ni a rataye, ni ba mai miji ba ni ba bazawara ba, alhali ba shi da ranar zuwa. Ya ce Yaya ya zama shaida, ya sake ni saki ɗaya. Yayana ya ce la haula, ya goge fuska, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni ina tsaye da tsumman goge tebur a hannu.

Sai ya ce a ba shi 'yarsa ya ji muryarta. Tana ƙofar falo tana wasa da 'ya'yan yayana, waɗanda ba sa magana sai da Larabci, ita ma bakinta ya koma can. Na kira ta na ba ta wayar. Ya ce, "Mamana," don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta gyara murya irin ta manya, ta faɗi abin da take ji muna faɗa in baƙuwar lamba ta kira.

"Min ma'aya?" Wato, da wa nake magana?

Sai na ji shi a can yana lalubo Larabcin da zai gaya mata ko shi wane ne.